Ƙaramar mota ko matsakaiciya: wace ce ta dace da hanyar da kake bi?

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk wanda ya je wurin dillalai a Birnin Kebbi tambayarsa ta farko ita ce shan mai. Haka Yaris da Honda Fit suka yi farin jini. Masu Camry kuwa suna cewa waɗannan gwangwani ne, ba sa jure karo.

Maganarsu da ƙamshin gaskiya. A 2009 cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta haɗa Yaris da Camry taho-mu-gama, sannan Fit da Accord, kowace tana gudun kusan kilomita 64 a awa. Ƙananan sun sha kashi sosai, alhali sun ci jarrabawar karo da bango. Mota mai nauyi tana tura mara nauyi baya, ƙarfin dukan ya ƙare a jikin mutanen ciki, ga gajeren gaba da ba shi da wurin lotsewa. Shi ya sa taurarin da ake ba mota a matsayin maki a gwajin karon gaba, sai tsakanin motoci masu nauyi kusan ɗaya ake kwatanta su.

Sai dai girma kaɗai bai isa ba. Ƙungiyar Global NCAP ta gwada motocin da ake sayarwa a Afirka ta Kudu: a ɓangaren kare manya, ƙaramar Toyota Etios ta samu taurari 4 a 2017, a-kori-kura Nissan NP300 Hardbody kuwa ko ɗaya ba ta samu ba a 2018.

A ganina, idan zirga-zirgarka gida ce da ofis da makarantar yara a cikin gari, ɗauki ƙarama. Idan kana yawan bin Jega zuwa Yauri da iyali, ka ƙara kuɗin mai ka sayi Corolla ko Camry. Gaban tirela kam duk ɗaya ne, don haka rage gudu da ɗaura bel ba su da madadi.

Abin da ya fi damuna shi ne motocin hannu da suka taɓa yin hatsari a waje aka gyara. Wasu jakar iskarsu (airbag, mai tare mutum lokacin karo) ta fashe, aka liƙe sitiyari ba komai a ciki. Murɗa makulli ka lura: fitilar jakar iska ta kama, ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. In ba ta kama ba sam, ko ta ƙi mutuwa, bar motar. Tafi da bakanikenka, ba na dillali ba, ya shiga ƙarƙashi ya duba ko an yi wa shasi walda.