Faransa da Jamus: wa ya fi rage hayaƙin samar da lantarki?

Maƙwabta ne, amma kowa da hanyarsa. Bayan tsadar man fetur ta 1973, Faransa ta rungumi nukiliya, har yau kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nan yake fitowa, kuma yuraniyom ɗin Arlit a Nijar ya daɗe yana ciyar da tashoshinta. Shi ya sa lantarkinta ba ya fitar da hayaƙi sosai. Matsalarta tsada da jinkiri: tashar Flamanville 3 da aka fara ginawa a 2007 sai a ƙarshen 2024 ta fara ba da wuta.

Jamus kuwa iska da rana ta zaɓa. Dokarta ta 2000 ta tabbatar wa masu samar da irin wannan wuta farashi mai kyau, abin da ya taimaka wajen karya kuɗin faifan sola a duniya. Wannan abin yabo ne. Sai dai bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a 2011 ta yanke shawarar rufe nukiliya, ta kashe tashoshi uku na ƙarshe a Afrilun 2023, alhali kwal na iya ci gaba da ci har 2038. A ganina kwal ɗin ya kamata ta fara rufewa.