Sharhi kan Masu Gyaran Tsarin Gida a Unguwannin Awon Igiya

Wani ƙaramin ofishin masu zanen gine-gine a Kano ya ɗauki aikin da manyan ofisoshi ba su cika waiwaya ba, wato gyara tsarin ƙananan gidaje a unguwannin awon igiya, irin waɗanda ake samu a sassan Kurna da Ɗorayi, inda aka yanka filaye ba tare da tsarin hukumar tsara birane ta jihar Kano, wato KNUPDA, ba. Na ga aikinsu a gidan yayata, kuma abin da ya fi burge ni shi ne matar gida suka fara tambaya kafin su ɗauko abin awo, domin ita ce ke wuni a tsakar gida, ita ta san inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta.

A madafi suka fi nuna gwaninta. Sun matsar da murhu daga bakin ƙofar ɗaki, sun ɗaga masa dakali don mai girki ta daina durƙuso, sannan suka buɗe taga a sama inda hayaƙin itace zai fita maimakon ya koma ƙirjin uwa da goyonta. Wanda ya san zafin Kano a watan Afrilu, lokacin da yakan haura digiri 40, ya san amfanin wannan a ƙarƙashin rufin kwano. Haka kuma sun yanki wani ɓangare na soro suka fitar da ƙaramar taga zuwa lungu, ta yadda mai awara ko ƙuli-ƙuli za ta sayar daga cikin gida, ba sai ta ɗora wa 'yarta talla a lokacin makaranta ba. A ganina wannan tagar kaɗai ta biya kuɗin zanen.

Banɗaki ya samu ƙofa mai sakata da fitilar sola.

Inda suka gaza shi ne rijiya. An saba ba da shawarar tazarar mita 30 tsakaninta da masai, abin da filin awon igiya ba zai ɗauka ba, sai suka ce a rufe ta a koma sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa, ba su lissafa abin da hakan zai ci wa iyali kullum ba. Sannan sai mai gidan kansa suke yi wa aiki, alhali da yawa daga cikin matan da suka fi takura a gidajen haya suke zaune.