Saƙo Ga Yaya Kan Littattafan Yara

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ya damina, ya ƙafar Inna? Kin tambaye ni abin da ya fi ba ni mamaki a Ingila. Wallahi ba jirgin ƙasa ba ne, ba kuma manyan kantuna ba, littattafan yara ne.

Auta ba ta fara rarrafe ba aka ba mu 'yar jaka da littattafai a ciki, kyauta. Na ce wa ma'aikaciyar lafiyar, yarinyar da ko zama ba ta iya ba me za ta yi da littafi? Ta ce ki dai karanta mata, muryarki take saurare. Shirin sunansa Bookstart, kuma a nan Bamingam ɗin aka fara shi a 1992 da jarirai 300, yanzu ya game ƙasar. Shafukan kwali ne mai kauri, ta cusa a baki, ta jefar, ta zuba masa koko, yana nan. Wani shafin an manna masa gashi mai laushi, yaro ya shafa ya ji kamar bayan tunkiya. Ki tuna littafinmu na firamare da damina ɗaya ke cinyewa, mu uku muna leƙen guda.

Laburare na unguwa kuma katin yara kyauta ne, ki kwaso cike da jaka ki dawo da su bayan 'yan makonni. A shagunan gwanjo littafi mai kyau ba ya wuce fam ɗaya. A watan Maris ma makaranta na ba kowane yaro takardar karɓar littafi. Ke kuwa na san ko ranar Lahadi kin kewaye kasuwar Ɗambatta da wuya ki ga na ƙananan yara mai hotuna, sai dai na makaranta da na addini da na soyayya.

Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Na ga masu harshe biyu, Turanci da Larabci, da Urdu, da Somaliyanci, har yau ban ci karo da na Hausa ba. Labaran kuma na dusar ƙanƙara ne da beyar da alade mai sa riga. Sai na tsaya na tantance kafin na ɗauko. Idan dare ya yi nakan rufe rubutun da hannu in bi hotunan ina ba su labarin da Hausa. Babban ya fara kama ni, wai Umma ba haka aka rubuta ba.

Shekaranjiya da dare na ajiye littafin na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Shiru. Babu wanda ya ce ta zo mu ji ta. Yaya, sai da na ji hawaye. Yaran da suka san sunan kowane irin kifin teku ba su san Gizo da Ƙoƙi ba. Na koya musu amsar, na fara, sai na tarar rabin waƙar da ke tsakiya ta ɓace mini. Inna kuwa ba ta taɓa riƙe littafi ba, amma a tsakar gida kan tabarma takan sauya murya ta yi tsamin bakin Gizo har mu manta da sauro.

Don Allah idan kun gama tuwon dare, ki zaunar da ita ki ɗauki muryarta a waya, ko tatsuniya ɗaya ce a mako, ki turo mini ta WhatsApp. Kada ki hana yara amsawa, da hayaniyarsu nake so. Ni zan rubuta, babban ya zana hotunan, in kai a buga a kan takarda mai kauri. Kwafi ɗaya namu, sauran zan ba mai zuwa gida da Sallah ya kawo wa naki.

Ki fara da ta Gizo da bikin tsuntsaye, ita ce na kasa ƙarasawa. A gaida Inna da maigidan.