Turken faiba a haƙorin da aka cire wa jijiya: yadda na same shi

Haƙorina na gaba na sama ne ya karye dab da dasashi, shekaru bayan an cire masa jijiya an toshe saiwar. Guntun da ya rage bai isa ya riƙe hula ba, wato murfi mai siffar haƙori da ake ɗorawa a kai, sai likita ta ba ni zaɓi biyu na turken da ake kafawa cikin saiwa: turken ƙarfe da ake zubawa daidai da ramin saiwa, wanda sai an dawo wani zaman, ko turken faiba da za ta sa nan take. Na ɗauki faiba. Na daɗe ina amfani da haƙorin yanzu, kuma na gamsu, amma gamsuwa ce mai sharaɗi.

Turken ɗan siririn sanda ne fari, an jera zaruruwan gilashi masu yawa a tsaye an haɗe su da wani irin danƙo mai tauri. Na farkon da suka fito a Faransa wajen 1990 na zaren kabon ne, baƙaƙe, daga baya farare suka mamaye. Launin nan ya dame ni ƙwarai domin haƙorin gaba ne, kuma ƙarfe kan iya jefa inuwa mai toka-toka ta cikin hular tangaran. Nawa, ko ni sai na matsa kusa da madubi nake gane wanne ne aka gyara.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne lanƙwasuwa. Ƙarfe ya ninka ƙashin haƙori tauri sau da yawa, saboda haka idan aka ciji abu da ƙarfi, nauyin kan taru a bangon saiwa, kamar ƙusar da aka buga cikin busasshen itace, har ta tsage. Saiwar da ta tsage a tsaye kuwa, galibi cirewa ce makomarta. Faiba tana ɗan bin motsin haƙori, kuma idan matsala ta zo, yawanci turken ne ke saki daga siminti, abin da sau da yawa ake iya gyarawa. Wannan ne ya sa na yanke shawara.

Aikin kansa bai yi zafi ba, tunda babu jijiya a ciki. Likita ta shimfiɗa wata roba ta ware haƙorin daga miyau, ta rage abin da aka toshe saiwar da shi tun farko, ta bar kamar milimita 4 zuwa 5 a can ƙasa domin kada ƙwayoyin cuta su sami hanya. Ta gwada turken, ta manna shi da siminti, ta haska shuɗiyar fitila ya daskare, sannan ta gina jikin haƙori a kan turken, inda hula za ta hau. Muƙamuƙina ya gaji da buɗe baki, ba zan ɓoye ba, amma mannewar ba ta son danshi ko gaggawa, don haka na ga dalilin jinkirin.

Sharaɗin da na ambata shi ne abin da nake so kowa ya ji kafin ya zauna a kujerar nan. Na tambaye ta, "Likita, yanzu haƙorin ya ƙara ƙarfi ke nan?" Ta ce a'a. Turke ba ya ƙara wa saiwa ƙarfi, aikinsa riƙe ginin da hula za ta hau. Ƙarfin yana ga lafiyayyen haƙorin da ya rage sama da dasashi, wanda ake so ya kai milimita 1.5 zuwa 2 a kewaye, domin bakin hula ya rungume shi. Nawa da ƙyar ya kai. Wanda nasa ya karye ƙasa da haka, turke ko wane iri ne ba zai yi masa abin da ya yi mini ba, sai an fara wani aikin a dasashi ko an ɗan jawo saiwar sama. Turame ma da yawa ba sa buƙatar turke sam, domin ramin da ke tsakiyarsu kan isa ya riƙe gini.

Har yanzu ba na ɓalle abu mai tauri da wannan haƙori, ina bi da zaren sakace a gindin hular kullum, kuma ina komawa a ɗauki hoton saiwar lokaci-lokaci. Ga mai karyayyen haƙorin gaba da sauran abin kamawa, ina ba shi shawarar faiba, bayan ya sa likita ta auna masa abin da ya rage sama da dasashi.