Kodak Tri-X na Super 8: Fim Ɗin da Ya Dace da Masu Son Hoto Mai Kama da Mummunan Mafarki

Duk wanda ya shaƙu da adabin suriyalizim mai duhu, irin rubutun da ke bin tsarin mafarki tun bayan sanarwar da marubucin Faransa André Breton ya fitar a Faris a 1924, yakan so hotonsa ya fito da irin wannan rashin tabbas. Kyamarar waya tana nuna komai tas, tsoro kuwa ba ya son haka. A nan ne Tri-X 7266 na kamfanin Kodak yake da amfani, wanda ake sakawa a kyamarar Super 8, wato mai ɗaukar fim mai faɗin milimita 8 da ke zuwa cikin kaset. Fim ne baƙi da fari, irin wanda idan an wanke shi yake fitowa da hoto kai tsaye, ba sai an bi ta nagatif (hoton da fari da baƙinsa suke a juye) ba. Da fim na wannan jinsi, amma mai faɗin milimita 16, darakta E. Elias Merhige ya ɗauki fim ɗinsa na tsoro mai suna Begotten, sannan ya sake ɗaukar hotunan ɗaya bayan ɗaya har launin toka ya kusa ɓacewa.

Kaset ɗaya yana da tsawon mita 15, hotuna kusan 3,600. Idan kana ɗauka a kan hoto 18 a daƙiƙa, za ka samu minti 3 da daƙiƙa 20. A kan 24 kuwa, minti 2 da rabi ne kacal. Ba ya ɗaukar sauti. Ƙarfinsa na karɓar haske (ISO) 200 ne a hasken rana, 160 a hasken ƙwan lantarki mai ja-ja.

Abin yabonsa shi ne baƙinsa. Ka kashe duk fitilu, ka bar guda ɗaya a gefen fuska, sai rabin fuskar ya nutse gaba ɗaya, ɗaya rabin kuma ƙwayoyin fim ɗin, wato ƙananan ɗigo-ɗigon da ke haɗa hoton, su riƙa motsi a kan fata kamar tana numfashi. Manhajojin da ke kwaikwayon wannan suna ɗora ƙwayoyin ne a saman hoto. A nan su ne hoton kansa, shi ya sa ido ke yarda da su. Amma fim ne marar yafiya. Haske ya wuce da mataki ɗaya (wato ya ninka abin da ake buƙata), farin ya ƙone, kuma babu gyara. Gara ka auna hasken a kan wurin da ya fi haske a fuskar, ka rage rabin mataki. Tsofaffin kyamarori da yawa ma'auninsu ya gaji, don haka a gwada da wani ma'auni daban kafin a ɓata kaset.

Wankin ne ya fi daɗi, kuma nan ne ake yawan asara. Wankin da aka ƙera shi dominsa yana buƙatar sinadarin bilic mai guba da asid, wannan a bar wa ɗakin wanki na ƙwararru. A gida ana iya wanke shi ya fito nagatif, daga baya a juya shi a kwamfuta. Ga kowace lita ɗaya ta ruwa: giram 54 na sodar wanki busasshiya, giram 16 na garin bitamin C, giram 40 na kofi mai narkewa a ruwa irin na gwangwani. A narkar da su bi da bi yadda aka jera, sodar ta narke sarai kafin a zuba na gaba. Bekin soda ta yin kek ba za ta yi ba, ƙarfinta bai kai ba, fim zai fito fayau. Sai a zare fim ɗin cikin duhu ƙirin, a cusa shi a bokiti kamar taliya, aƙalla lita 2 don ya nutse, minti 15 a zafin digiri 20 na salshiyos, ana juyawa da safar hannu. A ɗauraye, a sa fiksa, sinadarin da ke tabbatar da hoton, wajen minti 5, a sake ɗaurayewa sosai.

Inda fim ya manne da ɗan'uwansa zai bar tabo, gefen bokiti kuma zai karce shi. Ga mai fim ɗin tsoro wannan riba ce, domin tabon yakan wulga a fuska cikin ƙiftawar ido ya bar mai kallo da zargi. Sai dai ba ka da ikon zaɓar inda zai faɗa, saboda haka kada a sa fitowar da labari ya dogara a kanta cikin bokiti. A garuruwa masu zafi irin su Kano ko Yamai, ruwan famfo yakan haura digiri 30, fatar fim ɗin ta yi laushi har ta saɓule. Dole a sanyaya duk ruwan da ƙanƙara, har na ɗauraya, su zo daidai da juna.

Aibinsa biyu ne. Farantin da ke danne fim ɗin na roba ne, a cikin kaset yake, don haka hoto yakan ɗan yi rawa, wani lokaci kaset ya cije. Sannan ga tsada: kuɗin fim, na wanki, na sikanin, duk a kan minti uku. A ajiye shi a firji, a bar sanyin ya sake shi cikin ledarsa na awa biyu zuwa uku kafin a buɗe, kuma a filin jirgi a roƙi a duba shi da hannu, domin sababbin na'urorin binciken kaya suna dusashe shi. Ga gajeren fim ko fitowar mafarki guda ɗaya, ya cancanci kuɗinsa. Ga dogon fim mai yawan magana, a nemi wani abu daban.