Firefox ESR a shagon buga takardu: burauzar da ke tambayata kafin ta taɓa min kwamfuta

Ina da shagon buga takardu a Domayo, cikin Marwa, kuma tun bara na mayar da duk kwamfutocin shagon kan Firefox ESR, wata siga ta burauzar Firefox wadda ba a yawan sauya mata fasali. Abokan sana'a daga nan har Garwa da Kusiri suna ta tambayata ko ta yi, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ta yi. Duk mai tsohuwar kwamfuta da ke sayen data da awo, ita nake ba shi shawara ya ɗora. Tana da nata raunin, zan zo kansa, amma sai na fara faɗin abin da ya raba ni da wadda nake kai a da.

Rabin aikin shago irin nawa yanzu a burauza ake yin sa. Rajistar jami'a, haɗa dosiyen konkur (takardun jarrabawar gasar shiga makaranta ko aikin gwamnati), cike takardar fasfo wadda tun 2021 ta intanet ake fara ta, tura hoton takardu ga ɗan'uwa a Yawunde ko Injamena. Mutum ya biya kuɗin mota daga ƙauye, ya zo da takardunsa a leda, kuma sau da yawa ranar rufewa ce ta koro shi. Irin wannan mutumin ba shi da gobe.

Wata rana cikin zafin bazara wani dattijo ya zo daga wajen Mokolo da 'yarsa, za a yi mata rajistar konkur. An ɗauke wuta tun safe, muna kan batir. Mun cike shafukan duka, saura ɗora hoton takardar haihuwa da na shaidar kammala sakandare, sai layin nan da ke nuna tafiyar aiki ya tsaya a tsakiya, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Na zaci rezo ne, wato layin intanet. Da na duba sai na tarar burauzar ce ke sauke sabuwar sigarta a ɓoye, ta janye ɗan ƙarfin layin, ta kuma cinye sauran datar da na saya don aikin ranar. Kafin yaron shago ya je ya dawo da wata, shafin rajista ya fitar da mu. Dattijon ya dube ni ya ce, “Malam, lafiya dai?” Na ce, “Lafiya lau, Baba, sai dai mu sake daga farko.” Bai ce uffan ba, ya gyara zama, yarinyar kuma ta sake zaro takardun daga leda ɗaya bayan ɗaya. Da na rufe burauzar na buɗe, abin da ya fara tarbata shi ne wani babban shafi mai launi yana yi min albishir cewa an saka min mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira a gefen allo. Wannan ne aka kashe datata aka ɓata wa bawan Allah yini a kansa. Ba zan kama sunanta ba, don halin ba nata ba ne ita kaɗai.

A fahimce ni, ba na ƙin sabuntawa. Burauza ita ce ƙofar da ɓarayin intanet suka fi bi, kuma wanda ya bar ta shekara ba gyara ya saka kalmomin sirrin kwastomominsa a hatsari. Abin da ke ci min rai shi ne an ɗaure abu biyu da igiya ɗaya: toshe ɓarakar tsaro, wanda dole ne, da sauya fasalin manhaja, wanda ba dole ba ne. Ka kai babur wurin makaniki ya ɗaure maka birki, ka dawo ka tarar ya ɗaure, amma ya mayar da giya hannun dama, ya ƙara wata fitila da ke shan batir, ya kuma ce in ba ka son fitilar to birkin ma sai dai ka haƙura. A 2021 Chrome ta rage tazarar fitar da sabuwar siga zuwa mako huɗu, Firefox ta yau da kullum ma haka ta yi a 2020. Ga mai intanet mara iyaka da wutar da ba ta ƙiftawa, wannan ba komai ba ne. Mu nan da wutarmu ta dogara da ruwan madatsar Lagdo, kowace siga kuɗi ce da lokaci, kuma bayan kowane sauyi sai na sake nuna wa yara inda maɓallin bugawa ya koma.

Da na tashi neman mafita ne na gane zaɓin da ake cewa muna da shi bai kai yadda ake faɗa ba. Sunaye ne da yawa, inji ɗaya. Opera ta bar injinta ta koma kan Chromium a 2013. Edge ta bi sahu a Janairun 2020. Brave, Vivaldi, Samsung Internet, duk a kansa aka gina su, kuma Google ne ke jan ragamar aikin Chromium. In ka cire Safari ta kamfanin Apple mai injin WebKit, babbar burauza da ta rage da injin kanta ita ce Firefox, mai Gecko. Saboda haka idan aka sauya wata ƙa'ida a can sama, yawancin waɗanda ka gudu wurinsu ita za ta iske su. Haka ma maganar AI, wato ƙirƙirarriyar basira: Edge na da Copilot, Chrome na da Gemini, Opera ta fito da Aria, Brave ta fito da Leo. Vivaldi ce ta fito fili ta ce ba za ta cusa irin wannan mataimakin ba, kuma na yaba mata.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kamfanonin nan sun iya tambayar mutum idan doka ta matsa musu. Tun Maris 2024 dokar kasuwannin dijital ta Tarayyar Turai ta sa ana nuna wa masu waya a can jerin burauzoci su zaɓa da kansu. Kafin nan ma, a 2013, Tarayyar ta ci Microsoft tarar yuro miliyan 561 saboda daina nuna irin wannan allon zaɓi a Windows. Mutumin Faransa ana tambayarsa. Mutumin Marwa, da yake amfani da manhaja iri ɗaya cikin harshe iri ɗaya, abin da aka ɗora masa shi zai karɓa.

To, ESR ɗin. Siga ce da Mozilla, masu yin Firefox, ke fitarwa don makarantu da ma'aikatu, wuraren da ba sa son a riƙa motsa musu kaya kowane wata. Babban sauyi kusan sau ɗaya yake zuwa a shekara: 115 a 2023, 128 a 2024, 140 a 2025. Tsakaninsu gyaran tsaro kawai ake turowa, fuskar manhajar ba ta motsi. Igiyar nan da na ce an ɗaure abu biyu da ita, nan aka kwance ta. Kyauta ce, kowa na iya saukewa, ba sai kana da kamfani ba. Kuma a cikin saitunanta na Windows akwai inda za ka ce ta duba ko akwai sabuwa amma ta bar ka ka zaɓi lokacin ɗorawa. Ni da daddare nake yi, bayan na rufe shago, lokacin da data ta fi sauƙi kuma babu wanda ke zaune yana jirana. Ba na tsallakewa, ina dai zaɓar sa'a. Tun da na koma kanta ban sake tsayar da kwastoma saboda burauza ta ga damar gyara kanta ba.

Abu na biyu da ya riƙe ni shi ne toshe talla. Akwai wata ƙaramar manhaja da ake liƙa wa burauza, uBlock Origin, wadda Raymond Hill ya rubuta. Daga 2024 Chrome ta fara kashe tsohon tsarin irin waɗannan manhajoji ta koma kan wanda ake kira Manifest V3, cikakkiyar uBlock Origin kuma ba ta aiki a kansa, sai wata ƙaramar siga mai suna Lite. A Firefox cikakkiyar tana nan daram. Wani zai ɗauka maganar ado ce, don kada ido ya ga talla. Ga mai data ta awo maganar aljihu ce: bidiyon tallan da ke kunna kansa a gefen shafin labarai, kai ka biya kuɗin saukarsa. A tsofaffin kwamfutocina masu ram giga 4, bambancin a fili yake, shafi na buɗewa fanka ba ta kuka. Sannan maɓallan ƙarya masu cewa “sauke nan”, waɗanda yara ke dannawa su jawo wa kwamfuta cuta, yawancinsu sun ɓace.

Mai buɗe PDF ɗinta ma ya wadatar da ni. Ana cike fom, ana rubutu a kan takarda, ana zana sa hannu, ba sai na ɗora wata manhaja dabam ba.

Maganar AI kuwa, ga inda na tsaya. Abin da ke wucewa ta allon shagona takardun mutane ne: katin shaida, takardar haihuwa, sakamakon asibiti, takardar fili, wani lokaci takardar kotu kan rabon gado. Amana ce. Mataimakin da ke zaune a gefen allo yana tayin taƙaita maka shafi, yawancinsu ba a cikin kwamfutarka suke aikin ba, rubutun ne ake turawa zuwa na'urorin kamfani a wata ƙasa. Yaron shagona ya taɓa dannawa a tsohuwar burauzar alhali takardar asibitin wata baiwar Allah na buɗe. Da na yi masa faɗa ya ce, “Maigida, wallahi shi ya fito da kansa, na zaci cikin aikin ne.” Kuma gaskiyarsa, an ajiye abin daidai inda hannu ke bi. Matar ba ta san an yi ba, ba ta kuma ba kowa izini ba. Ni ne ta ba wa takardar.

Ba wai na tsani fasahar ba. Firefox na da mai fassara tun siga ta 118 wanda ke aiki a cikin kwamfutar kanta, ba ya tura rubutu ko'ina. A ƙasa mai Faransanci da Ingilishi kamar Kamaru, kullum sai na yi amfani da shi, kuma shi ma ai na'ura ce aka koya wa harshe. Bambancin shi ne ni nake kiransa, in na gama ya koma, sirrin mutane kuma bai fita shago ba.

Yanzu raunin. Mozilla ma ta shiga wannan tseren, tun farkon 2025 akwai wurin hira da AI a gefen allon Firefox. Sai ka zaɓi kamfanin da za a haɗa ka da shi kafin ya fara aiki, kuma ana iya kashe shi gaba ɗaya ta about:config, shafin ɓoyayyun saitunan Firefox, a mayar da browser.ml.chat.enabled zuwa false. Na yi hakan a duk kwamfutocin. Amma a ganina bai kamata sai mutum ya shiga wannan lungun ba, kamata ya yi abin ya zo a kashe, mai so ya kunna. Na biyu, babban sauyin shekara yana nan, ESR jinkirta shi take yi, ba ta hana shi. Na uku, akwai shafukan da masu gina su da Chromium kawai suka gwada su, sai ka ga maɓallin biya ko na ɗora hoto ya ƙi motsi. Laifin masu shafin ne, amma kai ne kwastoma ke kallo, don haka na bar burauza ta biyu a kwamfuta ɗaya saboda irin wannan ranar. Sai kuma abin da ke damuna can ƙasan zuciya: mafi yawan kuɗin shigar Mozilla daga Google yake fitowa, ladan sanya bincikensa a gaba. A shari'ar da aka yi a Amurka an bayyana cewa a 2021 kaɗai Google ya biya dala biliyan 26.3 don samun irin wannan gurbin a wayoyi da burauzoci, kuma a Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa kamfanin ya yi babakere a harkar bincike. Wanda muke fakewa wurinsa, hannunsa na cikin aljihun wanda muke gudu. Wannan bai hana ni amfani da ita ba, amma ya hana ni sakankancewa.

Ga masu tsofaffin na'urori akwai ƙarin dalili. Chrome ta tsaya a siga ta 109 ga Windows 7 tun farkon 2023, Mozilla kuwa ta ci gaba da tura wa ESR 115 gyaran tsaro a kan Windows 7 ɗin tsawon lokaci bayan haka. Yanzu ga Windows 10 an rufe tallafinta ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin na'urar, da sabon firosesa, abin da yawancin tsofaffin kwamfutocin da ake kawo mana daga Duwala ba su da shi. Burauza ba za ta magance wannan ba. Ni dai na fara gwada Linux Mint a madadin Windows a kwamfuta ɗaya, Firefox na zuwa a cikinta, kuma firintar shagon ta amsa.

Wanda zai ɗora, ya je shafin Mozilla na ainihi ya nemi ESR da sunanta, don babban maɓallin da ke gaba ta yau da kullum yake bayarwa. Ya sauke cikakken fayil ɗin sau ɗaya, ya zuba a filashi, ya zagaya da shi sauran kwamfutocin, kada kowace ta ci tata datar. A Windows ɗin ma ya shiga saitin rezo ya shaida mata cewa layin na awo ne, hakan na rage yawan abin da take saukewa ba da saninka ba. A waya babu ESR, amma Firefox ta Android tana karɓar uBlock Origin, kuma ita na ɗora wa yaran shago a nasu wayoyin.