Shagon da Ya Ɗora Mini Linux Mint: Aikin Yaro Daban, Aikin Maigida Daban

Tun da Microsoft ya sanar cewa zai daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, na san cewa kwamfutata ta tafi-da-gidanka, wadda na saya na hannu shekarun baya, tana bukatar wata makoma, domin injinta, wato processor, na Intel ƙarni na bakwai ne, alhali Windows 11 a mafi yawan lokuta daga ƙarni na takwas take farawa. Ba ni da halin sayen sabuwa, kuma wadda ke hannuna ba ta gaza da komai ba, saboda haka na yanke shawarar a ɗora mini Linux Mint 22, babbar manhajar sarrafa kwamfuta da ke iya maye gurbin Windows, wadda ta fito a watan Yulin 2024, aka gina ta a kan wani nau'in Linux mai suna Ubuntu 24.04, kuma aka yi alkawarin ci gaba da sabunta ta har zuwa 2029. Sharaɗina ɗaya ne, wato a bar mini Windows a gefe, saboda akwai wata manhajar lissafi da nake aikin ofis da ita wadda ba ta aiki sai a can. Na kai aikin wani shagon gyaran kwamfuta a cikin birnin Kano, wanda ba zan ambaci sunansa ba, kuma abin da na gani a wurin ne zan bayyana.

Ranar farko ban sami mai shagon ba, sai yaronsa, wani matashi mai fara'a da saurin hannu, wanda ya tabbatar mini cewa kafin la'asar zan karɓi kayana. Ya riga yana da fayil ɗin Mint, mai nauyin kusan gigabait 3, wanda hakan ya rage mini kashe data, kuma wannan abin yabawa ne. Ya rubuta shi a filash, ya kunna kwamfutar, tambarin Mint ya bayyana na ɗan lokaci, daga nan sai allon ya yi baƙi ƙirin, fanka tana juyawa, fitilar madannai tana haske, amma babu abin da ke fitowa. Ya kashe ya kunna har sau uku, sannan ya soma zargin cewa allon ne ya samu matsala, duk da cewa minti goma kafin nan Windows tana nunawa sarai a kan allon nan. A nan ne ya kamata in ce a jira maigida, amma gaggawa ta hana ni, kuma wannan kason laifin nawa ne.

Abin da yaron ya yi daga baya sai da na koma na fahimce shi. Ya shiga saitin BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, ya yi ta sauye-sauye irin na lalube a cikin duhu, ya mayar da tsarin tashin kwamfutar daga sabon tsari na UEFI zuwa tsohon tsari na Legacy, sannan ya zaɓi layi na biyu a jerin farko na filash ɗin, wanda aka rubuta wa compatibility mode, sai hoto ya fito. Da yake abubuwa biyu ya canza a lokaci guda, bai san wanne ne ya yi maganin ba, sai ya ɗauka cewa Legacy ce. Ya ɗora Mint a haka, da baƙin allon ya dawo bayan an gama sai ya duba waya, ya samo kalmar nomodeset, ya rubuta ta a fayil ɗin saitin GRUB, manhajar da ke nuna jerin zaɓi tsakanin Mint da Windows idan an kunna kwamfuta, ta zauna dindindin, ya miƙo mini kwamfuta yana cewa, "Malam, an gama." Sau ɗaya tak ya kunna ta a gabana.

A gida ne asiri ya tonu. Rubutu da gumakan allo sun yi manya-manya sun baje kamar an ja su gefe, madannan ƙara haske da rage shi sun daina aiki, bidiyo yana sarƙewa, kuma da na jona wayar HDMI da talabijin babu abin da ya fita. Idan na rufe murfin kwamfutar na sake buɗewa, ba ta farkawa sai na danne maɓallin kashewa. Mafi tayar da hankali shi ne babu Windows a jerin da GRUB ke nunawa, har na kwana da zullumin cewa an share mini takardun aiki na shekaru.

Washegari na tarar da mai shagon, dattijo marar yawan magana, kuma a nan ne ra'ayina game da wurin ya sauya. Kafin ya taɓa komai sai da ya tambaye ni ko ina da kwafin takarduna a wani wuri, da na ce babu, sai ya tayar da kwamfutar daga filash, ya nuna mini ɓangaren Windows yana nan lafiya, ya kwashe muhimman fayiloli zuwa wani haddis na waje. Daga nan ya yi mini bayanin da zan iya cewa shi ne mafi darajar abin da na samu a shagon. Ya ce Windows ɗina an ɗora ta ne a tsarin UEFI, a kan haddis mai rabon GPT, wato sabon salon raba haddis ɓangare-ɓangare, ita kuwa Mint an ɗora ta a tsohon tsarin Legacy, kuma GRUB da ya tashi ta tsohon tsari ba ya iya tayar da Windows ta UEFI, shi ya sa bai ma nuna ta ba. Yana mayar da saitin zuwa UEFI, sai ga Windows ta tashi kamar ba abin da ya faru.

Batun baƙin allo ya fi daɗewa a kansa, kuma ya cancanci hakan, domin a nan ne mafi yawan masu gwada Linux karon farko suke karaya. Kwamfutata tana da katin hoto biyu, ɗaya na Intel da ke cikin injin, ɗaya na NVIDIA na daban. Lokacin da Linux ke tashi, ƙwayarta, wato kernel, ita ce take karɓar ragamar allo tun da wuri ta hanyar direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, ta saita girman hoto da kanta. Direban da ke zuwa a filash don katunan NVIDIA shi ne nouveau, wanda masu aikin sa-kai suka rubuta, kuma akwai katunan da bai daidaita da su ba, to idan aka yi rashin dace sai allo ya ɗauke a daidai wannan gaɓa, alhali sauran tsarin yana aiki a bayan duhu. Kalmar nomodeset umarni ce ga ƙwayar Linux cewa kada ta karɓi wannan ragama, ta ci gaba da amfani da hoton da BIOS ya riga ya shimfiɗa. Da ita hoto zai fito, amma ba tare da ƙarfin katin ba, injin kwamfuta ne zai riƙa ɗaukar nauyin zana komai, kuma wannan ne asalin manyan gumaka da sarƙewar bidiyo da mutuwar madannan haske da na gani a gida. Ya kwatanta ta da sandar da mai karaya ke dogarawa kafin ya isa wurin mai ɗori.

Yadda ya sake aikin ya nuna bambancin sani da kame-kame. Ya fara da kashe Fast Startup a cikin Windows, domin wannan saitin, wanda ya zo tun Windows 8, ba ya barin kwamfuta ta mutu gaba ɗaya, sai ya bar ɓangaren Windows a kulle. Ya duba ya tabbatar haddis yana kan AHCI, saitin da Linux ke iya ganin haddis da shi, ya sake rubuta filash ɗin da wata manhaja mai suna Rufus ya zaɓi GPT da UEFI, sannan a jerin farko ya danna harafin e, ya sa nomodeset a layin da ke ɗauke da quiet splash, ya danna F10, wanda ke nufin umarnin na tashi ɗaya ne kawai. Bayan an ɗora Mint ya maimaita hakan sau ɗaya, ya jona intanet, ya buɗe Driver Manager, ya zaɓi direban NVIDIA da manhajar ta ba da shawara. Bai kashe Secure Boot ba, wato saitin tsaro da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tashi tare da kwamfuta, kamar yadda na ji wasu masu gyara suna yi don su huta. A maimakon haka ya sa kalmar sirri ta wucin gadi, ya gargaɗe ni cewa idan kwamfutar ta sake tashi wani shuɗin allo zai fito na daƙiƙu kaɗan, kuma dole a zaɓi Enroll MOK a shigar da kalmar, in ba haka ba Secure Boot zai ƙi amincewa da sabon direban a koma gidan jiya. Ya ce mutane da yawa suna ganin shuɗin allon sai su tsorata su wuce shi.

Da ya gama, ya kashe ya kunna kwamfutar sau huɗu a gabana, biyu zuwa Mint biyu zuwa Windows, ya rufe murfi ya buɗe, ya jona ta da allon shagon ta HDMI, ya gwada hasken allo. Ya kuma saka mini tsarin madannai na Hausa da ke cikin Linux tun asali, wanda ke ba da ƙ da ɗ da ɓ ba tare da sauke wata manhaja ba, abin da ban ma san da shi ba balle in nema. Bai karɓi ko sisi a kan aikin na biyu ba, kuma kuɗin da na biya tun farko bai wuce abin da ake biya a ɗora Windows ba.

Duk da haka akwai abubuwan da zan riƙe wa shagon. Aikin da aka ce na yini ɗaya ne ya ci mini kwana biyu da kuɗin mota sau biyu, kuma bai dace a bar yaron da bai san bambancin UEFI da Legacy ba ya taɓa haddis ɗin da ke ɗauke da takardun mutane ba tare da an kwafe su ba, domin da ya zaɓi layin da ke share haddis gaba ɗaya a lokacin ɗorawa, da babu bayanin da zai dawo da su. Wanda zai je irin wannan wuri ya tambaya tun a ƙofa wane ne zai yi aikin, kuma kada ya karɓi kwamfutarsa sai an tayar da tsarin biyu a gabansa. Haka kuma ba a kunna mini Timeshift ba, manhajar da ke ajiye hoton tsarin don a koma baya idan wani sabuntawa ya lalata direban hoto, sai ni na kunna ta da kaina daga baya.

Abu na ƙarshe da ya kuɓuce wa maigidan kansa shi ne agogo. Linux tana ajiye lokaci a agogon cikin kwamfuta bisa lokacin UTC, wato lokacin da duniya ke auna agogo da shi, Windows kuwa tana ɗaukar abin da ta tarar a matsayin lokacin gida, kuma da yake Najeriya tana gaban UTC da awa ɗaya, duk sanda na fita daga Mint na shiga Windows sai in tarar agogo ya koma baya da awa guda. Ban lura ba sai ranar da na ji kiran sallar azahar alhali allon yana nuna mini cewa da sauran lokaci. Na kira shi a waya, ya ba ni haƙuri, ya karanto mini umarnin timedatectl set-local-rtc 1, na rubuta shi a Terminal, wurin da ake rubuta wa Linux umarni, kuma tun daga ranar agogon biyu suke tafiya tare.